Raƙuman Injiniya Zunnuraini

Zunnuraini ya dawo Jibiya daga Kaduna da jakar goyo, da tabarau marar magani, da takardar shaidar cewa ya yi wata shida yana koyon rubuta manhajar kwamfuta. Tun a tasha ya sanar da masu ɗaukar kaya cewa daga ranar sunansa Injiniya. Kafin sati ya zagayo babu teburin mai shayin da bai zauna ya yi wa mutane bayani ba cewa ciwon garin nan ɗaya ne, an saba da kuskure har an mai da shi ɗan gida. Shi kuwa, in ji shi, malaminsu na Kaduna sai da ya share hawaye ranar sallama, don bai san inda zai sake samun ɗalibin da kwamfuta ke jin tsoronsa ba.

A lokacin, ƙungiyar dillalan wata karar dabbobi da ke dab da bakin iyaka ta kafa doka saboda satar shanu: ba dabbar da za ta fita daga kara, ko ta nufi Maraɗi ko ta yi kudu, sai da takarda. Takardar na ɗauke da sunan mai dabba, irin dabbar, launinta, ƙauyen da ta fito, da dillalin da ya tsaya mata shaida. Jami'an da ke shinge kan karɓa su karanta, su dubi dabba, sannan su ɗaga sanda.

Wadda ta rubuta musu manhajar wata mata ce, Jinƙai, 'yar Farfaru, wadda ta yi karatun abin sosai ba na wata shida ba. Tsarinta mai sauƙi ne. In magatakarda ya shigar da bayani, manhajar takan miƙo akwati guda, kuma akwatin nan ba ya ɗaukar abu biyu: ko dai takarda ce a cikinsa, ko kuma dalilin da ya hana a ba da takarda. In takarda ce, allo ya yi kore, firinta ta buga. In dalili ne, allo ya yi ja ya faɗi abin da ya ɓace.

Damuwar ita ce magatakardan, Malam Badaruddeen, dattijo ne mai bugawa da yatsa ɗaya, kuma yatsan nan ba ya shawara da kowa. Sai ya rubuta tunkiya da harafin da ba nata ba, ko ya tsallake sunan dillali, allo ya yi ja, layi ya tsaya, masu dabbobi su yi ta tsaki cikin rana. Da Jinƙai na nan takan leƙo ta nuna masa inda ya kauce. To sai ta haihu, ta koma gidan iyayenta a Farfaru wankan jego. Jan allo ya ƙaru har dillalai suka laƙaba wa kwamfutar suna Mai Jan Ido.

Nan Zunnuraini ya ga ƙofa. Ya sami shugaban ƙungiyar, Alhaji Sadisu, a rumfarsa yana cin goro, ya gaishe shi, ya ce ya ji labarin halin da ake ciki kuma abin ya hana shi cin abinci. Alhaji ya ce ai mai abin ta kusa arba'in, a yi haƙuri ta dawo. Zunnuraini ya gyara tabarau ya ce aikin Jinƙai ba laifi, gwargwadon iyawarta, amma manhajar da ke yin ja sau hamsin a yini ai ba ta gama warkewa ba.

"Alhaji, ka ba ni kwana uku. In ka ƙara ganin ja a allon nan, ka cire mini Injiniya ka kira ni da sunan da ka ga dama."

Alhaji Sadisu ya dube shi ya dubi layin da ke waje, ya miƙa masa makullin ofis.

Kwana biyu Zunnuraini ya yi yana kallon rubutun Jinƙai, rubutun na kallonsa. Duk wanda ya leƙo sai ya ɗaga masa hannu alamar kada a katse masa tunani, alhali ko layi goma bai gane ba. A rana ta uku da hantsi, yana ta lalube a waya, ya ci karo da wani umarni da ake rubutawa emplace. Bayanin ya ce umarnin yana gina abu kai tsaye a cikin akwatin, ba sai an ƙera shi a waje an ɗauko an saka ba. Layi na biyu ya ce duk abin da ke cikin akwatin tun farko, ko da dalilin kuskure ne, rushe shi ake yi a gina sabon a gurbinsa. Zunnuraini ya karanta layin nan ya ji kamar an yi masa bushara.

Ya rubuta cewa duk lokacin da akwati ya zo da kuskure, a gina takarda a cikinsa nan take. Sai umarnin ya nemi a faɗa masa abin da zai gina. Zunnuraini ya yi tunanin ai misali yake so, irin yadda ake nuna wa tela riga a ce ya ɗinka irinta. Ya ba shi misali: mai dabba, Injiniya Zunnuraini, dabba, akuya, launi, ja, ƙauye, Jibiya. A wajen shaida ma ya sa kansa.

Ya kira Malam Badaruddeen ya ce ya buga duk abin da yatsansa ya so. Malam ya buga shirme. Allo ya yi kore. Ya sake bugawa ya bar rabi a buɗe. Kore. Dillalai suka taru a taga, Zunnuraini ya hau kan benci ya yi musu bayani. Ya ce wa ya taɓa gina rumbu a ƙauyen Riko ya ɗauko shi a ka ya kawo Jibiya? Inda za a zuba hatsi, nan ake gina rumbu. To wannan ilimin shi ne Jinƙai ba ta kai gare shi ba. Dillalai suka gyaɗa kai, don maganar rumbu gaskiya ce.

Da la'asar ya kira Jinƙai a waya, wai don ya tambayi lafiyar jariri. Bai kai ga jaririn ba ya shiga ba ta labarin nasararsa. Ta saurara har ya gama, ana jin kukan yaro a bayanta, sannan ta tambaye shi abin da ya ba umarnin ya gina. Ya ce misali kawai.

"Zunnuraini, abin nan bai san misali ba. Abin da ka ba shi, shi zai gina, kullum, ga kowa. Kuskuren kuma ba gyara shi ka yi ba, ɗaki ka gina a kansa."

Ya ce sabis ba kyau, ba ya jin ta, ya kashe wayar. Ya gaya wa na kusa da shi cewa mai jego ce, dole a yi mata uzuri.

Ranar kasuwa ta zo. Tun da safe motocin dabbobi suka jeru, babura na kutsawa tsakanin garken tumaki, dillalai na tafa hannu. A ofis kuwa abin sai wanda ya gani. Malam Badaruddeen na bugawa, allo na kore, firinta na tofo takarda, Zunnuraini na cafkewa ya buga hatimi ya ninke ya miƙa ta taga ba tare da ya duba ba, yana cewa na gaba. Layin da kan kai azahar ya narke kafin ƙarfe goma. Yawancin masu dabbobin ba su damu da karanta boko ba, sai su cusa a aljihu su wuce. Alhaji Sadisu ya aiko masa da lemo mai sanyi.

Bai gama shan lemon ba inuwa ta rufe tagar. Wani dogon mutum ne daga wajen Maraɗi, Ɗanmaraya, ya sayi raƙumi da safe, ya ja shi har shinge, aka dawo da shi. Raƙumin na tsaye a bayansa yana tauna, yana kallon rufin ofis.

Ɗanmaraya ya ajiye takardar a bakin taga, ya ce cikin sanyin murya jami'in shinge ya karanta masa ita sau biyu, sannan ya zagaya raƙumin, sannan ya kira abokan aikinsa su ma suka zagaya.

"Mushe," in ji shi, wato malam a bakin mutanen Maraɗi, "shekara talatin ina sayen raƙuma. Yau na ji wanga akuya ce. Ja kuma."

Zunnuraini ya buɗe takardar, ya ga jar akuyar misalinsa ce a rubuce. Amma ya yi dariya ya ce wannan ƙaramin abu ne, manhaja ce ke kan koyo, ta saba da ƙananan dabbobi ba ta taɓa ganin raƙumi ba. Ɗanmaraya ya ce to a fito da ita ta gan shi. Masu jiran takarda suka fashe da dariya. Zunnuraini ya nemi minti biyar, ya ture Malam Badaruddeen gefe, ya buɗe rubutunsa, ya goge akuya ya sa raƙumi, ya goge ja ya sa fari. Aka sake bugawa. Takarda ta fito da farin raƙumi, Ɗanmaraya ya sa wani ya karanta masa wannan layin, ya karɓa ya ja abinsa ya tafi. Zunnuraini ya juya ga jama'a ya ce sun gani, a gaban idonsu ya koya mata.

Aka ci gaba. Yatsan Malam Badaruddeen bai canza hali ba, allo bai daina kore ba.

Wajen sha ɗaya da rabi aka ji muryar mace tun daga ƙofar kara. Rabi'a ce, mai kiwon awaki a bayan tasha, wadda duk Jibiya ta san ba a gama magana da ita a tsaye. Tana janye da awaki uku da za ta kai wa ƙanwarta ƙetare. Ta iso taga ta ɗaga takarda sama ta ce a nuna mata raƙuminta. An ce mata a shinge tana da farin raƙumi, ita kuma ba ta ƙi ba, a fito mata da shi yanzu, awakin ma ta bar wa ƙungiya sadaka. Bayanta akwai wani mai tumaki biyar, da wani mai jaki, da wasu samari biyu da ɗan maraƙi, kowa da farin raƙuminsa a takarda.

Zunnuraini ya ce Hajiya ta kwantar da hankalinta. Ta ce ba ta je Makka ba tukuna, amma in an ba ta raƙumin za ta kama hanya. Ya ce abin na kimiyya ne, ba lallai ta gane ba. Ta ce ta gane akuya, ta gane raƙumi, shi wanne ya gane a ciki?

Ya koma kan kwamfuta gumi na ɗiga a kan madannai. Wannan karon ya ga dabarar ita ce ya sa abin da zai dace da kowa. Ya goge raƙumi ya rubuta dabba, ya goge fari ya rubuta mai launi. Aka sake buga wa Rabi'a. Wani ɗan acaɓa ya karanta da ƙarfi: dabba mai launi. Rabi'a ta ce to madalla, yanzu ko mijinta ta ɗaure ta ja takardar ta ishe ta.

Ana cikin wannan dariyar ne Haggai ya matso. Haggai manomi ne daga Farfaru, mai karanta Littafi a majami'arsu, mutum marar hayaniya. Ya kawo bijimin nomansa ne zai kai wa surukinsa aro. Shi tun da safe ya karɓi takarda ya tsaya sayen igiya, sai da ya ji hayaniya ya zaro ta ya sa tabarau. Bai tsaya a layin dabba ba, ya karanta tun daga sama. Ya ƙara karantawa. Sannan ya nemi ta Rabi'a, ya nemi ta mai jaki, ya jera su a kan benci.

"Jama'a, ku bar zancen raƙumi. Ku dubi sunan mai dabba."

Dariya ta ɗauke. Aka fara zaro takardu daga aljihu, ana miƙa wa duk wanda ya iya karatu. Injiniya Zunnuraini. Injiniya Zunnuraini. Shaida, Injiniya Zunnuraini. Ɗanmaraya ma sai ga shi ya dawo karo na biyu, don a shinge an yarda raƙumi ne, amma an tambaye shi dalilin da ya sa yake jan raƙumin wani zuwa wata ƙasa.

A garin da mutane suka sha kwana da fargabar ɓarayin shanu, wannan ba abin wasa ba ne. Wani ya ce dama ya yi mamakin saurin nan. Wani ya ce sabuwar sata ce ta zamani, ba bindiga ba sanda, sai hatimi. Aka rufe ƙofar kara. Mutane suka matso taga har haske ya daina shiga, Malam Badaruddeen ya ɗauki butarsa ya fice ta baya yana salati. Zunnuraini ya cire tabarau ya rasa inda zai ajiye shi.

Alhaji Sadisu ya ratso taron, ya sa aka tattara takardun a kan tebur. Arba'in da bakwai ne ke ɗauke da sunan: jajayen awaki ashirin da biyu, fararen raƙuma goma sha tara, sauran kuma dabbobi masu launi. Ya tambayi Zunnuraini bayani. Zunnuraini ya fara da rumbu. Aka ce ya bar rumbu. Ya ce wataƙila wasu 'yan kutse ne daga waje suka ji labarin ƙwarewarsa. Rabi'a ta ce 'yan kutsen kirki ne, da suka sato suka rubuta masa.

Haggai ne ya ce kafin a kira hukuma a kira mai manhajar, ai 'yar garinsu ce. Aka buga wa Jinƙai, Alhaji ya buɗe muryar wayar ya ɗora a kan tebur. Ta sa aka karanta mata layukan da aka ƙara, harafi bayan harafi. Aka ji kamar tana danne dariya, sannan ta yi bayani yadda kowa zai gane: duk inda Malam ya yi kuskure, a da akwatin kan zo da dalili a gyara. Yanzu an ce a rushe dalilin a gina takarda a wurinsa, kuma takarda ɗaya tak aka ba shi ya gina. Alhaji ya tambaye ta kai tsaye, da gangan aka yi ko kuwa?

"Alhaji, ni ban ga zuciyarsa ba. Wanda ya san aikin umarnin nan ya rubuta haka, da niyya ya yi. Wanda bai sani ba, rashin sani ne. Ku tambaye shi ko ya sani."

Ido ya dawo kan Zunnuraini. Ya dubi ƙofar da aka rufe, ya dubi sandunan da ke hannun makiyaya, ya dubi raƙumin Ɗanmaraya da ya sako kai ta taga. Ya yi ƙoƙarin cewa ya sani rabi-rabi. Alhaji ya ce babu rabi, amsa ɗaya ake so, kuma da ƙarfi don na baya su ji.

"Ban sani ba."

"Mi ne ne ba ka sani ba?" in ji Rabi'a.

"Aikin. Ban iya ba."

Wani daga baya ya ce bai ji ba, aka sa ya maimaita. Daga nan fuskoki suka saki, sanduna suka sauka, dariya ta dawo fiye da ta farko.

Jinƙai ta faɗa wa Haggai layukan da zai goge, ya goge su da yatsa biyu, wanda ya ninka saurin magatakarda. Aka nemo Malam Badaruddeen a masallaci. Bugun farko allo ya yi ja, ya ce ba a sa sunan dillali ba, sai ga dillalai suna tafi kamar an ci ƙwallo.

Saura hukunci. Takardu arba'in da bakwai sai an sake su ɗaya bayan ɗaya, masu su kuma ga yunwa ga azahar ta yi. Alhaji Sadisu ya ce shi mutum ne mai girmama takarda. Tunda hatimin ƙungiya ya ce dabbobin nan na Injiniya ne, to nasa ne har a sake rubutawa, kuma mai dabba shi ke riƙon igiya, shi ke ba ruwa. Aka kai shi tsakiyar kara aka damƙa masa igiyoyi, masu dabbobi suka tafi cin abinci. Awakin Rabi'a suka cinye madaurin jakarsa. Jaki ya taka masa ƙafa. Bijimin Haggai ya ja shi har kwatami sau biyu, raƙumin Ɗanmaraya kuwa ya jira sai da ya ɗaga kai zai yi masa magana, sannan ya fesa masa abin da ya yini yana taunawa. Duk dabbar da takardarta ta fito, mai ita ya zo ya karɓi igiya ya yi masa godiyar kyauta. Sai bayan la'asar hannunsa ya zama wayam.

Kwana biyu bai fito ba. A na uku ya bayyana a teburin mai shayi, ya ce mutane su faɗi abin da suka ga dama, amma a tarihin karar nan ba a taɓa samun saurayin da ya mallaki raƙumi goma sha tara a yini ɗaya ba, da hatimi da komai. Wani direba da ya zo a ƙarshen maganar ya ɗauki wannan guntun ya tafi da shi Riko.

Washegari da hantsi aka yi sallama a ƙofar gidansu. Kawunsa ne, Lawwali, wan mahaifiyarsa, ya taso tun daga Riko da sabuwar igiya a kafaɗa da tabarma a hammata. Bayan gaisuwa ya ce ya ji abin arzikin da Allah ya yi wa ɗan ƙanwarsa, ya kuma ji raƙuman sun yi masa yawa har ya rasa mai riƙe masa. Shi ba ya son zari, guda ɗaya ya ishe shi ɗaukar dawa daga gona.

Maƙwabta biyu da ke zaune a dakali suka daina hira. Zunnuraini ya dube su, ya dubi igiyar, ya gyara murya.

"Kawu, ka yi rashin sa'a. Jiya-jiyan nan na tura su kiwo Maraɗi."

"Ba komai, ɗana," in ji Kawu Lawwali, ya warware tabarmarsa a zaure ya cire takalmi. "Ka ce wa uwarka ta ɗora tuwo da ni. Ina nan har su dawo."